Shimfiɗaɗɗiyar Ƙafa a Jikin Manya: Wacce Za a Bari, Wacce Za a Kai Asibiti?

A wani zagaye da muka yi na duba rijiyoyi a ƙauyuka, mutum biyu suka kawo mini maganar ƙafa a rana ɗaya. Na farko saurayi ne ɗan shekara 21. Ya je neman aikin ɗamara, aka sa shi ya tuɓe takalmi, aka dubi tafin ƙafarsa, aka ce a shimfiɗe yake, ya koma gida. Tun daga ranar hankalinsa bai kwanta ba, yana ganin wata cuta ce ke jikinsa, alhali kullum da yamma yana filin ƙwallo, kuma ƙafar ba ta taɓa yi masa ciwo ba.

Ta biyu wata dattijuwa ce daga cikin kwamitin rijiya. Na ga tana ɗingishi, na ce, "Mama, me ya sami ƙafar?" Ta ce, "Ɗana, ba komai, sanyi ne da tsufa." Da na matsa da tambaya, sai ta ce damina biyu ke nan idon sawunta na hagu yana ciwo ta ciki, kuma silifarta ta hagu kullum takan cinye ta gefe ɗaya. Da ta tsaya sai ga ƙafar hagu ta kwanta a ƙasa, ta dama kuwa tana nan yadda take.

Wanda ya damu ba shi da abin tsoro. Wadda ba ta damu ba ita ce ke bukatar likita. Wannan bambanci shi ne abin da muke so mai karatu ya gane a wannan fitowa.

Yadda aka gina ƙafa

Kowace ƙafa tana da ƙashi 26 da gaɓa 33. In aka haɗa ƙafa biyu, ƙashi 52 ke nan, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin babban mutum. Waɗannan ƙasusuwa ba a kwance suke a ƙasa ba. An jera su ne kamar baka: kai ɗaya a diddige, ɗaya kan a gindin yatsu, tsakiya kuma a ɗage. Akwai wata jijiya mai faɗi da ta tashi daga diddige zuwa gindin yatsu, tana riƙe da su kamar yadda tsirkiya ke riƙe baka. Wannan ɗagewa ta tsakiya ita ce kwarmin da muke gani a tafin ƙafa ta ciki, inda ba ya taɓa ƙasa.

Amfanin kwarmin shi ne, idan mutum ya taka, yakan ɗan sauka ya shanye nauyin jiki, idan kuma zai ɗaga ƙafa, ya ƙage ya tura shi gaba. Bayan tsirkiyar nan akwai wata jijiya da ke ɗaga kwarmin daga sama. Ta fito daga wata tsoka da ke can cikin sharaɓa, ta biyo ta bayan ƙashin idon sawu na ciki, ta kama ƙasusuwan tsakiyar ƙafa. A riƙe wannan jijiya a zuciya, domin za mu komo kanta.

Idan kwarmin ya yi ƙasa ƙwarai, ko babu shi sam, har tafin ƙafa gaba ɗaya yana taɓa ƙasa in an tsaya, shi ne ake kira shimfiɗaɗɗiyar ƙafa. Sau da yawa diddigen ma yakan karkata waje, idon sawu kuma ya faɗo ciki.

Kowa da ita aka haife shi

Duk jariri ƙafarsa a shimfiɗe take, domin akwai kitse a tafin, kuma jijiyoyinsa da laushi. Kwarmin yakan fito a hankali yayin da yaro ke tafiya da gudu, galibi kafin ya cika shekara 10. Wani bincike da aka buga a 2006, wanda aka yi kan yara 835 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya nuna haka a fili: a cikin 'yan shekara 3, kashi 54 cikin 100 ƙafarsu a shimfiɗe take, amma a cikin 'yan shekara 6, kashi 24 ne kawai. Waɗanda tasu ta cuta ce ba su kai ko kashi 1 ba.

A wasu mutane kwarmin ba ya fitowa har su girma. Yawanci gado ne, kamar tsawo ko gajarta. Idan ka duba za ka tarar da uba ko uwa ko kawu mai irin ƙafar.

Mutum nawa ke da ita?

Sun fi yadda ake zato. A 1947 wasu likitoci biyu, Harris da Beath, suka fitar da sakamakon duba ƙafafun samari kimanin 3,600 da suka shiga soja a Kanada. Kusan kashi 23 cikin 100 ƙafarsu a shimfiɗe take, kuma mafi yawansu ba ta hana su komai ba. A ƙasar Sifen, wani bincike da aka buga a 2017 kan mutane masu shekara 40 zuwa sama ya sami kusan kashi 27 cikin 100, kuma abin ya fi yawa ga masu ƙiba da waɗanda suka manyanta.

A Indiya kuwa an sami adadi ƙasa da haka sosai. A 1992 aka buga binciken sawun yara 2,300 a can. A cikin masu sa takalmi, kashi 8.6 cikin 100 ne ke da shimfiɗaɗɗiyar ƙafa. A cikin masu yawo ba takalmi, kashi 2.8 kawai. Masu binciken suka ce tafiya ba takalmi a ƙuruciya tana iya taimaka wa kwarmin ya yi ƙarfi.

Me ya sa lissafin ya bambanta haka? Dalili ɗaya shi ne jama'a sun bambanta wajen shekaru, nauyin jiki da irin takalmin da suka taso da shi. Dalili na biyu shi ne hanyar awo. Wasu da ido suke dubawa, wasu da sawu a kan takarda, wasu da hoton ƙashi. Sawu kaɗai yakan ruɗi mutum, domin mai kaurin naman tafin ƙafa zai bar cikakken sawu alhali ƙasusuwansa na tsaye daidai. Duk da haka, abin da ya tabbata shi ne, a wurare da dama, cikin manya 4 ko 5 za a sami ɗaya mai irin wannan ƙafa. Abin da ya yi yawa haka ba za a kira shi naƙasa ba.

Iri uku ne

*Na farko, mai laushi.* Wannan ita ce ta fi yawa. An taso da ita tun ƙuruciya, kuma ƙafa biyu ne. Idan mutum ya tsaya kwarmin ya ɓace, idan ya zauna ya ɗaga ƙafa, ko ya ɗage diddige ya tsaya kan yatsu, sai kwarmin ya dawo. Yawanci ba ciwo. Wasu kaɗan sukan ji gajiya ko tsami bayan doguwar tsayuwa, musamman waɗanda jijiyar agararsu ta yi gajarta.

*Na biyu, mai tauri.* Ko an zauna ko an tsaya kan yatsu, kwarmin ba ya fitowa, kuma diddige ba ya juyawa gefe da gefe. Sau da yawa dalilin shi ne ƙasusuwa biyu na bayan ƙafa sun manne tun daga ciki. Ciwon yakan fara ne lokacin balaga, tare da yawan targaɗe. Ba ta da yawa: a cikin sojojin Kanada da muka ambata, kimanin 2 cikin 100 ne. Wannan tana bukatar likita ya gani.

*Na uku, wadda ta zo da girma.* Mutum yana da kwarminsa shekara da shekaru, sai ya fara faɗuwa. Ko kuma dama ƙafar a shimfiɗe take ba ciwo, sai ɗaya ta fara ciwo tana ƙara kwanciya. Wannan ita ce ta dattijuwar da muka gani, kuma ita ce abin tsoro.

Mai laushi ba cuta ba ce

An daɗe ana ɗauka cewa mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ba zai iya doguwar tafiya ko gudu ba. Shi ya sa rundunoni da yawa suka riƙa mayar da irin waɗannan samari gida, kuma a Najeriya ma sanarwar ɗaukar 'yan sanda ta sha lissafa ta cikin abubuwan da ke hana mutum shiga. Amma da aka gwada, ba haka aka gani ba. A 1993 aka buga binciken da aka yi kan kurata 246 na sojan Amurka cikin mako 12 na horo. Masu ƙaramin kwarmi ba su fi sauran jin rauni ba. Hasali ma, masu dogon kwarmi su ne suka fi jin ciwo.

Haka kuma ba a gyara ta da takalmi. A 1989, a jihar Tekzas ta Amurka, aka raba yara fiye da 100 rukuni-rukuni, aka ba wasu takalman gyara, wasu abin sawa cikin takalmi, wasu kuma ba a ba su komai na gyara ba. Bayan shekara 3 ba a ga bambanci tsakaninsu ba. Saboda haka iyaye kada su kashe kuɗin abinci ko na makaranta wajen sayen takalmin gyara don ƙafar da ba ta ciwo. Babba ma haka: idan ƙafa biyu ne, tun ƙuruciya take haka, kuma ba ciwo, a bar ta. Dokar ɗaukar aiki daban, lafiyar jiki daban.

Wadda ta zo da girma

Mu koma kan jijiyar nan da ta biyo ta bayan idon sawu. Duk takun da mutum ya yi, sai ta ja ta ɗaga kwarmin. A daidai inda ta lanƙwasa a bayan ƙashi jini bai cika isarta ba, don haka idan ta gaji ba ta saurin warkewa. Da farko takan kumbura. In aka ci gaba da aiki a kanta sai ta saki kamar tsohuwar igiyar guga, wani lokaci ta tsinke. Daga nan nauyi ya koma kan sauran ƙananan jijiyoyi, su ma su saki, ƙafa ta kwanta.

Abin ya fi samun mata, musamman waɗanda suka haura shekara 40. Ƙiba, hawan jini, ciwon suga, amosanin gaɓoɓi, tsohon targaɗe ko karaya, da allurar kashe kumburi da aka yi kusa da jijiyar, duk suna ƙara haɗarin. Ciki ma yakan sauya ƙafa. Wani bincike da aka buga a 2013 daga jami'ar Ayowa ta Amurka, kan mata 49, ya nuna kwarmin yakan ɗan sauka, ƙafa ta ɗan ƙara tsawo, kuma ba ta komawa yadda take bayan haihuwa, musamman a cikin fari.

A Ingila, a 2009, aka buga binciken da aka yi kan mata masu fiye da shekara 40. An sami kashi 3.3 cikin 100 da wannan ciwon jijiya, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da aka taɓa gane ciwonta kafin binciken, duk da sun daɗe suna fama. Idan haka ta faru a inda likita ke kusa, sai mu yi tunanin macen da asibiti ke da nisan tafiyar wuni daga gidanta.

Ciwon yana tafiya ne mataki-mataki. Likitoci biyu, Johnson da Strom, sun kasa shi mataki uku a 1989, daga baya aka ƙara na huɗu:

1. Ciwo da kumburi ta cikin idon sawu, amma siffar ƙafa ba ta sauya ba.
2. Kwarmin ya faɗi, diddige ya karkata, amma da hannu ana iya mayar da ƙafar daidai.
3. Ƙafar ta ƙage a karkace, ba ta komawa. Ciwon yakan koma ta wajen idon sawu, inda ƙashi ke gugar ƙashi.
4. Gaɓar idon sawu ita kanta ta karkace ta lalace.

A mataki na 1 da farkon na 2, yawanci ana shawo kan abin ba tare da fiɗa ba. A na 3 da na 4 kuwa, sau da yawa sai an yi aiki an haɗe ƙasusuwa, aiki mai tsada da doguwar jinya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gwaji huɗu da za a yi a gida

1. *Sawu.* A jiƙa ƙafa biyu a taka kan daɓe ko siminti busasshe. A kwatanta sawun hagu da na dama. Abin lura ba cikar sawun ba ne kaɗai, a duba ko ɗaya ya bambanta da ɗaya.
2. *Duba ta baya.* Mutum ya tsaya ba takalmi, wani ya tsuguna a bayansa. A lafiyayyar ƙafa, ƙaramin yatsa da ɗan gefen na kusa da shi ake hangowa ta waje. Idan ana ganin yatsu uku ko huɗu a ƙafa ɗaya, gaban ƙafar ya juya waje ke nan.
3. *Tsayawa kan yatsu.* A dafa bango, a ɗaga ƙafa ɗaya, a ɗage diddigen ɗayar a tsaya kan yatsu, a sauka, a sake. Mai lafiyar jijiya zai yi sau da yawa ba wahala. Wanda ya kasa yi ko sau ɗaya a ƙafa ɗaya, ko ya yi da ciwo ta cikin idon sawu, alama ce babba. Tsoho mai jiri kada ya yi shi kaɗai.
4. *Takalmi.* A ajiye tsofaffin takalma a kan benci a dube su ta baya. Idan ɗaya ya kwanta ciki, ɗaya yana tsaye, ƙafar ta sauya.

Gargaɗi ga masu ciwon suga da waɗanda suka yi kuturta

Waɗannan cututtuka biyu suna kashe jijiyar ji a ƙafa. Mutum zai iya samun tsagewar ƙashi bai sani ba, ya ci gaba da takawa har tsakiyar ƙafar ta rufta, ƙasanta ya kumburo kamar gindin ƙwarya. Inda ya kumburo nan gyambo ke fitowa, kuma irin wannan gyambo yakan kai ga yanke ƙafa. Alamar farko ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura, ta fi ɗayar zafi in an taɓa da bayan hannu, alhali ciwon kaɗan ne ko babu. Wanda ya ga haka ya daina taka ƙafar nan take, a kai shi asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a jira ranar kasuwa. Kada a gasa ƙafar da ruwan zafi ko garwashi, kada a yi mata tsaga ko ƙaho.

Abin da za a yi

Duk wanda ƙafarsa ɗaya ta sauya siffa, ko ciwon cikin idon sawu ya wuce mako 2 zuwa 3 bai lafa ba, ko ya kasa tsayawa kan yatsu, ya je asibiti. A gaya wa ma'aikacin lafiya a fili, "Da ƙafata ba haka take ba." A roƙa a duba ta a tsaye, ba takalmi, ta gaba da ta baya, domin a kwance kan gado ba kullum ake ganin abin ba. In ana bukatar ƙarin bincike za a tura mutum wurin likitan ƙashi a babban asibiti, ko asibitin ƙashi irin na Dala da ke Kano.

Maganin farko shi ne hutar da jijiyar. Wani lokaci likita kan sa filasta ko wani takalmi mai tauri na wasu makonni. Bayan haka sai a sa abin da zai tokare kwarmin cikin takalmi, ko abin ɗaure idon sawu, sannan sashen gashin ƙashi su koya wa mutum motsa jiki na ƙarfafa jijiyar. Ana bukatar haƙuri, domin ko an fara da wuri ciwon yakan ɗauki wata 3 ko fiye kafin ya tafi.

A gida kuma ga abin da zai taimaka:

- A sa takalmi mai rufi, mai igiya, mai ƙarfin diddige. Silifar roba ba ta riƙe komai. Ko na gwanjo ne ya wadatar, muddin ƙasansa bai cinye ta gefe ba.
- A rage ɗaukar kaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 kilo 25 ce aka ɗora kan jijiyar da ke neman hutu. Wannan aikin iyali ne: maigida da yara su karɓi ɗiban ruwa da itace har ƙafar ta samu.
- A miƙe jijiyar agara kullum. A dafa bango, a mayar da ƙafa mai ciwo baya, diddige a ƙasa, gwiwa a miƙe, yatsu suna kallon bango, a sunkuya gaba na daƙiƙa 30, a maimaita sau 3.
- Mai ƙiba ya rage nauyi, mai suga da hawan jini ya riƙe maganinsa.
- Kada a daɗe ana shan ƙwayoyin kashe ciwo na kemis ba da izinin likita ba. Suna ɓoye ciwon jijiyar tana ci gaba da lalacewa, kuma suna iya taɓa ciki da ƙoda.
- Masu ɗori suna da nasu aikin, amma nan ba karaya ba ce, ba kuma gocewar ƙashi ba. Ja da murɗawa ba sa mayar da jijiyar da ta saki.

Saurayin nan mun sa shi ya tsaya kan yatsu, kwarminsa ya fito sarai a ƙafa biyu, ya tafi yana dariya. Dattijuwar kuwa ta dafa bangon rijiya ta gwada, ta dama ta ɗagu, ta hagu ta ƙi. 'Ya'yanta suka kai ta asibiti a makon, jikokinta suka karɓi jarka. Muna roƙon masu karatu, musamman shugabannin ƙungiyoyin mata da ma'aikatan lafiya na sa kai, su gwada wannan a taronsu na gaba. Ba ya cin kuɗi, bango kawai ake bukata da minti biyu. Duk wadda ta ce sanyi ne da tsufa, a ce mata, "Mama, tuɓe takalmin mu gani."